Ka gama digirin digirgir kana son fosdok? Ga yanda ake shiga lab, ga yanda ake fita

Tambayar da aka fi yi min tun bayan da na gama nawa ita ce wai shi fosdok ɗin nan wani digiri ne na huɗu ko kuwa aiki ne. Toh ba digiri bane, ba mai baka satifiket ba mai ɗora maka hula a ƙarshe. Aiki ne na wucin gadi da mai digirin digirgir yake yi a lab ɗin wani babba, ana biyansa duk wata, kwantiragin yawanci shekara ɗaya ne zuwa uku, wani lokacin a sabunta maka wani lokacin a ce kuɗin aikin sun ƙare sai dai haƙuri. Ka wuce ɗalibi amma baka kai mai gida ba, kai ne hannun da yake yin gwajin, kai kake nuna ma ɗalibai yanda ake sarrafa na'ura, kai kake zama ka rubuta maƙala har tsakar dare, amma teburin da firizan da kuɗin duk na wani ne. Shi yasa kullum nake ce ma ƙannena masu shirin shiga, fosdok zango ne ba gari bane, ana sauka ne a ƙara guzuri a wuce, kuma kafin ka sa hannu a kowace takarda ya kamata ka san da me kake son fita kuma yaushe.

Fara da tambayar kanka ko ma kana buƙatarsa. In burinka ka buɗe lab naka wata rana, ka zama farfesa mai bincike ko shugaban rukuni a wata cibiya, toh a fannoni irin su bayoloji da kimistiri da fizis kusan ba hanya sai ta nan. Amma in kamfani kake so, na magani ko na kwamfuta ko na makamashi, da yawa zasu ɗauke ka kai tsaye da digirinka, kuma shekara uku da zaka yi a can suna iya fin shekara uku na fosdok amfani a gurinka. Abun da bana so shi ne mutum ya shiga don kawai bai san me zai yi ba, na ga masu irin wannan, fosdok na farko ya ƙare a shiga na biyu, na biyu ya ƙare a shiga na uku, shekaru suna tafiya kujerun dindindin kuma basu kai yawan masu nemansu ba ko kusa.

In ka yanke shawara zaka yi, toh ba a fafe gora ranar tafiya, ka fara nema saura kamar shekara ɗaya ka kare kundinka. Dalili kuwa akwai wani agogo da yake fara bugawa daga ranar da aka baka digiri, kuma mutane da yawa basa jin ƙararsa sai ya wuce su. Feloshif, wato tallafin kuɗi da ake ba mai bincike da sunansa, kowanne da wa'adinsa, na EMBO na masu kimiyyar halittu yana son wanda bai wuce shekara 2 da gamawa ba, na Humboldt a Jamus shekara 4 ne ga 'yan fosdok, na JSPS a Jafan shekara 6, na Marie Curie da Tarayyar Turai take bayarwa kuma shekara 8 na aikin bincike bayan digiri. Shi na Marie Curie ɗin yana da wata ƙa'ida da take yawan kayar da mutane, kar ya zama ka zauna a ƙasar da kake son zuwa fiye da wata 12 a cikin shekara uku kafin ranar rufewa, kaga in ka riga ka tafi ka yi shekara ɗaya da rabi a lab ɗin sannan ka ce bari in nema, ka makara. Ka buɗe shafin kowane da kanka ka karanta ƙa'idar shekarar da kake ciki don suna taɓa su lokaci zuwa lokaci. Ke kuma 'yar'uwa in kin haihu a tsakani kar ki ɗauka an rufe miki ƙofa, yawancinsu suna cire lokacin haihuwa daga lissafi, majalisar bincike ta Turai wato ERC wata 18 take ƙara ma uwa a kan kowane ɗa, sai dai fa ke zaki nema ki tura shaida, ba mai yi miki.

Ƙofa biyu ce ake shiga ta ita. Ta farko mai lab ya samu tallafin wani aiki ya yi talla yana neman hannu, zaka ga irin wannan a shafukan tallan aiki kamar EURAXESS da Nature Careers da jobs.ac.uk da shafukan su kansu cibiyoyin, a nan aikin an riga an tsara shi kai dai zuwa zaka yi ka aiwatar. Ta biyu ka zo da kuɗinka, wato ka rubuta furofozal tare da wanda zai karɓe ka, ku tura ma masu feloshif, in an dace kuɗin da sunanka suke fitowa. Ta biyun ta fi wuya kuma tana cin lokaci, amma wallahi bambancin a cikin lab a bayyane yake, wanda ya zo da kuɗinsa yana iya cewa a'a ga wani aikin da aka ɗora masa, kuma gobe in yaje neman kujera yana da shaidar cewa ya taɓa shawo kan alƙalai da tunaninsa. Abun da da yawa suke yi shi ne su shiga ta ƙofar farko su nemi feloshif a shekarar farko tun agogon bai ci su ba. Masu fitowa daga ƙasashe masu tasowa su duba Georg Forster na gidauniyar Humboldt, da shirye-shiryen cibiyoyin kimiyya na TWAS da ICTP, dukkansu biyun a birnin Trieste na Italiya suke, Abdus Salam ne ya kafa ICTP a 1964 don irin wannan matsalar, masanin da ya san aiki amma babu kayan aiki da abokan tattaunawa a kusa dashi.

Su kansu lab ɗin kala-kala ne. Na jami'a rukuni ne na mutum biyar zuwa ashirin ƙarƙashin farfesa ɗaya, akwai ɗalibai akwai koyarwa jefi-jefi. Akwai kuma manyan cibiyoyi da bincike kawai suka sa gaba, irin su Max Planck da EMBL a Jamus, CNRS a Faransa, RIKEN a Jafan, Francis Crick a Landan, da lab 17 na ma'aikatar makamashin Amurka irin su Oak Ridge da Argonne da Brookhaven da Los Alamos. A irin waɗannan zaka samu na'urorin da jami'a bata iya saya, manyan kwamfutoci da injinan haskawa da ƙwararrun ma'aikata da suke kula dasu, albashi ma sau da yawa ya fi, amma aikin yana bin manufar cibiyar ne, kuma wasu gurabun na tsaro sai ɗan ƙasa, baƙo kuma sai an tantance shi kafin a bashi katin shiga, wannan kaɗai yana iya cin watanni don haka kar ka ajiye inda kake sai ka ga ranar farawa a rubuce. A CERN kuma, cibiyar binciken fizis ta Turai da take Janiba, lamarin daban ne gaba ɗaya, a 2015 an fitar da wata maƙala a kan nauyin ƙwayar Higgs mai sunayen mutum sama da 5,000, kaga a irin wannan fagen ba wanda zai gane ka daga jerin sunaye, abun da zai ɗaga ka shi ne nauyin da aka ɗora maka a cikin rukunin da wasiƙun manyan da suka ga aikinka da idonsu.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu sosai, don nan ne mutane suke faɗawa rami. Mutum kake zaɓa ba suna ba. Sunan jami'a yana da daɗin faɗa kuma yana taimako ban ce baya yi ba, amma ba jami'ar ce zata karanta rubutunka ba, ba ita zata rubuta maka wasiƙar shaida ba, ba ita zata ɗaga waya ta kira abokinta ta ce ina da yaro mai kyau ba, oganka ne zai yi duk wannan ko ya ƙi yi. Ni da kaina na taɓa zama a wani lab da ko'ina aka ambaci sunansa sai an jinjina kai, amma sai in yi wata biyu ban samu minti talatin da mai lab ɗin ba, rubutun da na bashi ya kwana a teburinsa kusan rabin shekara, har wasu a wata ƙasa suka riga mu fitar da abu mai kama da namu, kuma duk wannan da na tambayi mutum biyu da suka bar gurin kafin inje da sun faɗa min.

Toh ya ake bincikar mutum? Ka buɗe Google Scholar ka ɗauko maƙalolinsa na shekara biyar da suka wuce, ka duba sunayen farko, su waye, mutum ɗaya ne yake ta fitowa ko kowa yana samun nasa. Ka shiga shafin lab ɗin ka nemi jerin waɗanda suka gama, ina suke yanzu, nawa ne suka buɗe nasu lab ɗin, nawa suka tafi kamfani, nawa kuma suka ɓace ba maƙala ba labari bayan shekara ɗaya. In babu jerin ma gaba ɗaya wannan ma magana ce. Sannan ka rubuta ma biyu ko uku cikin waɗanda suka tafi, ba waɗanda suke ciki kaɗai ba, don wanda bizarsa take hannun oga ba zai faɗa maka gaskiya duka ba, wanda ya fita kuwa mai ɗaki ne ya san inda yake yoyo. Ka roƙe su kira na minti goma a maimakon rubutu, mutane sun fi sakin baki a waya. Ka tambaye su kwana nawa yake ɗauka kafin ya dawo da gyaran rubutu, ya yake yi in gwaji ya ƙi, yana haɗa mutum biyu a aiki ɗaya su yi tsere ko baya yi, yana barin mutum ya tafi da wani yanki na aikin in zai buɗe nasa, sai tambayar da tafi kowace, in da za'a dawo da kai baya zaka sake zuwa gurinsa? Ka saurari shirun da zai biyo baya ma ba amsar kaɗai ba.

Babban farfesa da sabon mai lab kowa da irin nasa. Babba yana da kuɗi da suna da hanya amma bashi da lokaci, in kai mai iya tafiyar da kanka ne zaka ji daɗinsa. Sabo yana tare da kai a bakin tebur, yana da yunwar fitar da aiki don shi ma kujerarsa bata tabbata ba, zaka koyi yanda ake gina lab daga tushe, sai dai zai yi wuya ya sakar maka aikin da shi ma dashi yake tsaye. Kuma in da hali ka canja guri ka canja salo, kar ka zauna a lab ɗin da ka yi digiri kana maimaita abun da ka riga ka iya, kaje inda zaka ba su wata fasaha da basu da ita su kuma su baka wadda baka da ita. Martin Jinek ya iya nazarin siffar furotin da RNA ne lokacin da yake fosdok a lab ɗin Jennifer Doudna a Berkeley, sunansa ne a farkon maƙalar CRISPR, fasahar gyara ƙwayoyin gado, ta 2012 a mujallar Science, lambar Nobel ta 2020 Doudna da Emmanuelle Charpentier aka ba, amma shi tun 2013 ya buɗe nasa lab ɗin a jami'ar Zurich, abun da fosdok ya kamata ya haifa kenan.

Sai imel na farko. Dan Allah kar ka rubuta wasiƙa ɗaya ka tura ma farfesa hamsin, suna gane ta daga layin farko, musamman in ka cika ta da kirari da roƙo. Gajeruwa ake so, sakin layi uku sun isa. Na farko ka faɗi ko kai waye, a lab ɗin wa ka yi digiri, yaushe zaka gama, da babban abu ɗaya da ka gano a jimla biyu. Na biyu shi ne zuciyar wasiƙar, ka ambaci wata maƙalarsa ta kwanan nan da ka karanta da gaske, ka faɗi tambayar da ta bari a buɗe da yanda kake ganin abun da ka iya zai taimaka a amsa ta. Na uku ka ce ga feloshif kaza da ka cancanta kana shirye ka nema tare dashi, wannan layin kaɗai yana sa a amsa maka ko da babu gurbi. Ka haɗa CV da maƙalarka mafi kyau da sunayen mutum uku da zasu yi maka shaida, ka tabbatar su ukun sun sani kafin a tuntuɓe su. In sati biyu suka wuce shiru ka sake tura layi biyu na tuni, in aka sake shiru ka wuce gaba. In kuma sufabaizanka ya san mutumin toh ka roƙe shi ya fara yi maka magana, haka in akwai taron masana da zai halarta kaje ka gaishe shi bayan jawabinsa, zuwa da kai ya fi aike.

In aka kira ka intabiyu yawanci za'a fara ta bidiyo, sannan a ce ka gabatar da aikinka gaban 'yan lab kamar minti arba'in zuwa awa ɗaya. Kar ka zuba musu duk abun da ka yi a shekara huɗu, labari ɗaya zaka ɗauka, ga tambayar, ga dalilin da yasa take da muhimmanci, ga abun da na yi da hannuna, ga inda ya ƙi da yanda na gyara. Ka bambance abun da kai ka yi da abun da abokan aiki suka yi, za'a tambaya. In baka san amsa ba ka ce ban gwada ba amma ga yanda zan gwada, ya fi kame-kame sau dubu. Kuma ka tuna kai ma intabiyu kake musu, ka nemi a baka lokaci da ɗalibai da 'yan fosdok ba tare da oga ba, ka lura ko suna yi ma juna tambaya a sake a gaban shi ko kowa ya sunkuyar da kai, sannan ka tambaye shi kai tsaye kuɗin wannan gurbin daga ina suke kuma har yaushe zasu kai.

Maganar kuɗi kar ka ji kunyarta. A Amurka jami'o'i da yawa suna bin ma'aunin albashi na NIH, hukumar binciken lafiya ta ƙasar, wanda a 2024 aka ɗaga shi zuwa dala 61,008 a shekara ga mai farawa, adadin yana da girma a ido amma hayar gida a Boston ko San Francisco ba ɗaya take da ta ƙaramin gari ba, irin wannan matsin ne yana cikin abun da ya sa ma'aikatan ilimi kusan 48,000 na jami'ar Kalifoniya, har da 'yan fosdok, suka shiga yajin aiki a Nuwamban 2022. Don haka ka lissafa abun da zai rage a hannunka bayan haraji da haya da inshorar lafiya, ba abun da aka rubuta a sama ba. A Jamus ka tambaya kwantiragin aiki ne ko alawus, don mai kwantiragi ana biya masa fansho da inshorar rasa aiki, mai alawus kuwa sau da yawa babu waɗannan kuma inshorar lafiya shi zai nema da kansa. Ka tambayi kuɗin tafiya da na taro, ka tambayi hutun haihuwa, in kana da iyali ka duba ko akwai ƙari, Marie Curie alal misali tana da alawus na iyali daban. Biza ma ka karanta da kanka, mafi yawan baƙi a Amurka da J-1 suke shiga, tana kaiwa shekara 5, amma wasu ana ɗaura musu sharaɗin komawa gida shekara biyu kafin su iya canjawa zuwa wasu nau'o'in, kaga gara ka sani tun kana waje. A Ingila wasu fannonin sai an nemi takardar tantancewa ta gwamnati mai suna ATAS kafin biza. Duk alƙawarin da aka yi maka da baki, za'a ƙara shekara, za'a saya maka na'ura, za'a barka ka yi naka aikin rabin lokaci, ka tura imel bayan ganawar ka ce ga abun da na fahimta mun tsayar, in ya amsa da eh ka ajiye.

Ka iso, an baka kati da tebur. Satin farko zuwa na huɗu horon kariya ne da cike takardu, kar ka raina shi, ka san inda ake zuba kowane irin sinadari, ka san me zaka yi in abu ya zube maka, kuma ka girmama masu kula da na'urori da manajan lab, su suka san komai, wanda ya raina su zai daɗe yana jiran layi. Cikin wata na farko ka zauna da oga ku rubuta tsari, shafi ɗaya ya isa, me ake so a gani bayan wata shida, bayan shekara, wane feloshif zaka nema, wane taro zaka je, kuma duk sati nawa zaku riƙa haɗuwa. Ka riƙe aiki biyu, ɗaya mai tabbas wanda ko ya aka yi zai bada maƙala, ɗaya mai kasada wanda in ya yi shi zai yi maka suna. Wanda ya zuba komai a mai kasada yana iya wayar gari bayan shekara biyu hannu babu komai, wanda ya tsaya a mai tabbas kaɗai kuma zai fita da maƙaloli amma in aka ce me ka kawo sabo sai ya rasa amsa. Littafin lab ɗinka ka rubuta shi kullum da kwanan wata, har gwajin da ya lalace, ka ajiye ɗanyen data a inda cibiyar ta tanada ba a laftof ɗinka kaɗai ba. Kuma komai matsin da aka yi maka kar ka taɓa hoto ko ka cire wani sakamako don zanen ya yi kyau, ana gano irin wannan ko bayan shekara goma ne, in aka janye maƙalar sunan farko ake fara kallo.

Jerin sunaye a maƙala shi ne abun da ya fi haddasa faɗa a lab, tun ran gini ran zane, ku yi maganar wa zai zo farko tun aikin bai yi nisa ba, in wani ya shigo daga baya a sake zama. A bayoloji da likitanci sunan farko na wanda ya yi aikin ne na ƙarshe na mai lab, a lissafi kuwa da wasu sassan fizis haruffa ake bi. Zaka taimaka ma wasu kuma ya kamata ka taimaka, amma ka lura kar ka zama mai gyara ma kowa aiki naka yana kwance, kowa ya daka ta wani ya rasa turmin daka tasa. In rubutu ya kammala ka roƙi a saka shi a arXiv ko bioRxiv, shafukan da ake ɗora maƙala kowa ya gani, tun kafin mujalla ta gama bita, na farkon tun 1991 yake na biyun tun 2013, amfaninsa kana da abun nunawa a takardar neman aiki ko da bitar ta ɗauki shekara. Ka buɗe ORCID, wato lambar shaida ta mai bincike, ka riƙa rubuta sunanka iri ɗaya a ko'ina. Mujallun nan da suke turo imel suna yabonka suna cewa ka biya za'a buga cikin sati ɗaya kuwa ka guje su, maƙala ɗaya a mujallar kirki ta fi goma a irinsu, kuma masu tantancewa suna rage ma mutum daraja in sun gansu a CV.

In abu ya lalace tsakaninka da oga, zagi ne ko ƙwace aiki ko barazana da biza, kar ka zauna kana ci a rai kai kaɗai. Ka ajiye imel da kwanan wata, yawancin manyan cibiyoyi suna da ofishin 'yan fosdok da jami'in sauraren koke da ake magana dashi a asirce, wasu guraren akwai ƙungiyar ma'aikata. Tun kafin a kai nan ma ka samu babba na biyu a wani sashe wanda ya san aikinka, don ranar da kake buƙatar wasiƙa kar ya zama rayuwarka duka a hannun mutum ɗaya take. Barin lab bayan shekara ɗaya ba abun kunya bane in ka fita da mutunci, amma ka samu inda zaka kafin ka faɗa. Kaɗaici ma gaskiya ne musamman ga wanda ya bar iyali a nesa, ka ware rana ɗaya a sati da baka taka lab, in barci da cin abinci suka fara gagararka kaje gurin likita kar ka jira.

Saura shekara ɗaya kwantiragi ya ƙare ka fara shirin fita, don neman kujerar jami'a shi kansa yana cin kusan shekara. Jami'o'i da yawa a Amurka basa barin mutum ya wuce shekara biyar da sunan fosdok, tallafin K99 na NIH wanda yake ɗaukar mutum daga fosdok zuwa lab nasa, kuma baƙo ma yana iya nema, sai wanda bai wuce shekara 4 a fosdok ba, a Turai kuma ERC tana ba sabon shugaban rukuni har yuro miliyan 1.5 na shekara biyar. Duk waɗannan tambaya ɗaya suke yi, wane aiki ne naka wanda ba na oganka ba, shi yasa zaman nan da shi a kan me zaka tafi dashi ya zama dole kuma a rubuce. In kamfani ka nufa ka sake CV ɗin gaba ɗaya, shafi biyu, fasahohin da ka iya da abun da ka kammala da mutanen da ka jagoranta, su basu damu da dogon jerin taruka ba. Kafin ranar ƙarshe ka yi ma duk samfurin da yake firiza lakabi, ka rubuta takardar da zata nuna ma mai zuwa inda komai yake, littafin lab na cibiyar ne ka nemi izinin ɗaukar kwafi, in zaka tafi da ƙwayoyi ko wani kayan gwaji akwai yarjejeniyar miƙa kaya da ofisoshin cibiyoyin biyu suke sa ma hannu, tana ɗaukar watanni don haka ka fara da wuri. Maƙalar da bata ƙare ba ku tsayar da wa zai ƙarasa gwajin da ya rage, wa zai amsa ma masu bita, da inda sunanka zai tsaya, sannan ka kwashe wasiƙunka masu muhimmanci ka ba kowa adireshin imel naka na kanka, don na cibiyar ana iya rufe shi a satin da ka miƙa katinka.